Gadon da Aka Auna da Akwatuna

Rumfata ta gyaran takalma a jingine take da bangon shagon Kafinta. In ya buga guduma, sai ƙusoshina su yi ƙara a cikin gwangwani. Haka muke zaune shekara da shekaru, kuma akwai ranakun da maganarmu ba ta wuce gaisuwa, da aron fensir, da "Baba, ga shayi." Ni ba mai yawan magana ba ne, shi kuma ya fi ni. Amma mutumin da kuke zaune bango ɗaya da shi, ko bai buɗe baki ba za ka san shi. Ina gane ranar da ransa ke ɓace daga yadda yake jan zarto.

Yana ƙarami iyayensa suka rasu, yayarsa ce ta rene shi. Ya taɓa gaya mini cewa a gidan yayar akwai wata ƙofa da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Kowa ya zo shiga sai ya zage ta. Wata rana, yana ɗan makaranta, ya cire ta ya kankare gindinta da wuƙar girki, ya mayar. Yayar ta dawo daga kasuwa ta tura ƙofa, ƙofa ta rufu ba gardama. Ya ce ranar ce ta farko da ta wuni ba ta yi masa faɗa ba. Ba a jima ba ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani kafinta ya koyi aiki.

Ina jin tun daga ƙofar nan ya ɗauka cewa duk wata damuwa a duniya akwai katakon da zai yi maganinta. In matarsa ta ce bayanta na ciwo, ba zai ce sannu ba, washegari za ta ga kujera mai majingini. In suka sami saɓani, ba ya ba da haƙuri da baki. Ta taɓa ce wa tsohuwata, wato matata, "Inna, in kin shigo kin ga sabuwar kanta a bango, kada ki tambaya. Faɗa muka yi."

Ita kuwa matar tasa akasinsa ce. A gidan burodi take aiki, tana ƙunshe burodi a leda tun safe har azahar, a tsaye. Mai dariya ce, mai surutu. In ta biyo ta shago da rana, ƙamshin burodi ne ke riga ta isowa. Suna da 'ya ɗaya, shekararta biyu da 'yan watanni a lokacin da nake ba da labari. Tun da ta fara tafiya, in aka zo da ita shagon sai ta goya hannu a baya tana zagaya kujerun da ba a gama ba, tana leƙa ƙarƙashinsu. Wani mai sayen tebur ya dube ta ya ce, "Ashe ga manajan wurin nan." Sunan ya bi ta. Uwar ta zama Umman Manaja, uban kuma Abban Manaja, ko da yake ni Kafinta nake ce masa har yau.

Abin dariya, mutumin da ya yi wa rabin unguwa gado, shi a katifa yake kwana a ƙasa. Kullum sai ya ce zai yi nasa in ya sami sarari. Abu ɗaya ya yi wa ɗakinsa da hannunsa, ɗan gadon yara mai sanduna, wanda ya ƙera lokacin da aka haifi Manaja. Da gari ya waye takan haura sandunan ta diro kan katifa, ta bi ta kan uban ta faɗa jikin uwar. Ba wanda ke ɗaukarta, da kanta take zuwa.

To, sai abubuwa suka zo musu a haɗe. Aka zo aka shafa jan fenti a bangon layinsu, aka ce za a faɗaɗa titi, kowa ya nemi wurin zama. A lokacin Umman Manaja na ɗauke da ciki na biyu, ya riga ya fito. Ƙafafunta suka fara kumbura, kai na yi mata ciwo. Da ta je awo aka ce jininta ya hau. Likita ta ce ta bar aiki, ta kwanta, kada ta ɗaga abin da ya fi buta nauyi har sai ta sauka. A gidan da muke haya ni da tsohuwata akwai ɗakin da ba kowa a ciki, kusa da namu, sai na yi musu magana suka dawo nan.

Ɗakin ƙarami ne, bai kai rabin wanda suka baro ba. Da aka sauke kaya, akwatunan matar da kwanukanta da tukwane da fanka suka cika shi, ba wurin shimfiɗa katifa. Kafinta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, fensir a bayan kunne. Na san kallon. Ya zaro tef ya fara auna akwatuna.

Gadon da ya fito da shi bayan 'yan kwanaki, ban taɓa ganin irinsa ba. Dogo ne, ya wuce ƙuguna. A ƙarƙashinsa ya yi durowa jeri biyu, kowace daidai da abin da za ta ɗauka. Babban akwati da wurinsa, tukwane da wurinsu, har fanka ya yi mata gurbi. In ka ja durowa sai ta taho kamar an shafa mata mai. Ɗakin da ba ya shiguwa ya zama fili. Matan gidan suka yi ta zuwa kallo, wata ma ta koma ta tayar wa mijinta da hankali. Umman Manaja ta taka 'yar kujera, ya riƙe hannunta ta hau, ta kwanta tana dariya, ta ce, "Yau ga ni a jirgin sama." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana goge hannu a riga. Na san ya ji daɗi.

Washegari Manaja ta farka a ɗakin da ba ta gama sabawa da shi ba. Ta haura sandunan gadonta ta sauko, ta nemi katifa, babu. Sai bangon katako a gabanta, da hannun uwar yana lilo daga sama. Ta ɗaga hannuwa biyu.

"Umma, ɗau."

"Umma ba za ta iya ba, 'yar albarka. Kira Abba."

Abba ya zo ya ɗaga ta. Da ta ga uwar sai ta yi tsalle za ta faɗa mata yadda ta saba. Su duka biyun suka yi ihu, "Ciki! Ciki!" Ya fizge ta ya sauke ƙasa. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta fashe da kuka.

Haka aka yi ta yi. Ta ɗaga hannu, a ce ba za a iya ba. In an ɗora ta, a rirriƙe ta kamar za ta fasa wani abu. Daga ɗakinmu muna jin "Umma, ɗau" safe da yamma, har muka saba. Wata rana tsohuwata ta ajiye tsintsiya ta ce mini, "Ka lura yarinyar nan ta daina?" Na kasa kunne. Ta daina kuwa. Ta daina ɗaga hannu, ta daina cewa Umma. In uwar ta kira ta daga sama, sai ta juya fuska bango tana ƙirga yatsunta. Yarinyar da ta riga ta iya neman fo ta koma jiƙa wando. Abinci kuwa in ba daga hannun uban ba, ba ta buɗe baki.

Da ya ga haka, sai ya fara tafiya da ita shago kowace safiya. Ya share mata wuri a ƙarƙashin bencin aiki, ya shimfiɗa buhu, ya tara mata guntayen katako da ya goge bakinsu da samfefa. A nan take wuni, dusar katako a gashinta. In ta gaji ta zagayo rumfata, ta kama gwiwata ta hau cinyata, ta ce, "Kaka, me kake yi?" In ce ɗinki. Ta ce, "Don me?" In ce don ya yage. Ta ce, "Don me?" Haka za mu yi ta yi har barci ya ɗauke ta. Da mu tana magana, da masu sayen kaya tana magana. Uwar kaɗai ta yanke.

A cikin wannan hali Kafinta ya sake yin wani abu da yake ganin alheri ne. Ya ɗauko ɗan gadon nan mai sanduna ya kawo shago, zai kwance shi ya goge ya yi masa sabon fenti saboda jaririn da ke tafe. Ita kuma ya riga ya yi mata sabon gado na manyan yara, mai kyau, har da zanen tsuntsu a wajen kai. A tunaninsa ta sami ƙarin girma. Bai kawo a ransa cewa a gabanta yake kwance shi ba. Ta fito daga ƙarƙashin benci ta tsaya tana kallo yana zare sandunan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Da ya ajiye allon da katifarta ke zama a kai, sai ta je ta zauna daram a kansa.

"Manaja, tashi in shafa fenti."

"Nawa ne."

"Ai na yi miki babba. Wannan na ƙaninki ne."

"Nawa ne."

A kan allon ta wuni. Da yamma da aka koma gida aka nuna mata gado mai tsuntsu, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ja tabarma bayan ƙofa ta kwanta, kuma nan ya zama makwancinta. Ya yi mata mota ta katako, ta karɓa ta ajiye. Ya yi mata 'yar kujera daidai ita, ta zauna sau ɗaya. A kwanakin nan zartonsa wani irin kuka yake yi, ja biyu ya tsaya, ja biyu ya tsaya.

Tsohuwata ce ke zama da Umman Manaja da rana. Ita ta gaya mini abin da ke cin matar. Ba ciwon kai ba ne, ba kumburi ba ne. An ce mata in jinin bai sauka ba, wataƙila sai an yi mata aiki. Ta ce, "Inna, ba wuƙar nake tsoro ba. In na shiga ɗakin nan ban fito ba, me yarinyar nan za ta riƙe? Uwar da ta yi ta ɗaga mata hannu ta ƙi ɗaukarta." Tsohuwata ta ce ta daina irin wannan magana, da yardar Allah za ta sauka lafiya. Ta ce, "Amin. Amma ina so ta zo wurina kafin in tafi. Ko sau ɗaya, da ƙafarta."

Ana nan sai ga Yaya, wadda ta reni Kafinta, ta zo daga garin da take aure. Gajeruwa ce, mai jiki, muryarta kuwa tun daga bakin titi ake jin ta. Ba ta kwana biyu ba ta gama karanta gidan. Ta ga yarinya a bayan ƙofa, ta ga wandunan da aka shanya, ta ga ƙaninta ya rame. Ta tara su ta yanke hukunci.

"Auta, wannan ba zama ba ne. Mace a kwance, kai kana jan yarinya cikin zarto da ƙusa. Ranar da zan koma da ita zan tafi. In an haihu an warware, ku zo ku ɗauki abarku."

Kafinta bai taɓa ce wa Yaya a'a ba tunda yake. Ya dubi ƙasa. Umman Manaja ta ce daga saman gado, a hankali, "Yaya, da an bar ta ta ɗan saba tukuna."

"Ta saba da me, ƙanwata? Yarinyar da ko kallonki ba ta yi? Ki ji da kanki. Ni na reni ubanta, ga shi nan bai mutu ba."

Gaskiya ba mugunta ba ce. Duk wanda ya dubi gidan zai ce shawarar Yaya ita ce daidai. Har ta sayi 'yar jaka ta fara ninke kayan yarinyar a ciki. Umman Manaja ta juya fuska bango. Tsohuwata ta ce da ta gan ta haka sai ta ga kamar Manaja ce ta girma.

Ana jibi za su tafi, na dawo da la'asar na tsaya a bakin ƙofarsu in gai da mai jiki. Na tarar Yaya na son ta hau gadon ta matsa wa matar ƙaninta ƙafafu. Ta taka 'yar kujera, ta ɗora gwiwa ɗaya, ta kama katifa, ta zamo. Ta sake, zani ya kama ta. Ta yi haki ta ce, "Auta, zo ka tura ni, kana tsaye kana kallona kamar gunki!" Ya zo ya tallafa, da ƙyar ta haye, ta zauna ƙafafunta na reto a sama. Umman Manaja ta kasa riƙe dariya, rabonta da dariya an daɗe.

"Ki yi dariya, ai ke aka yi wa bene," in ji Yaya. Ta juyo kansa. "Kai don Allah, wannan gado ne ko soro? Kai ne fa in mutum ya zo yin kujera sai ka zaunar da shi ka auna daga gwiwarsa zuwa ƙasa, har mutane na cewa ka cika fi'ili. To wa ka auna da za ka yi wannan?"

Ya taɓa fensirin da ke bayan kunnensa.

"Da kai nake. Wa ka auna?"

"Akwatuna," ya ce.

"Akwatuna! To ai sai akwatunan su hau su kwanta. Ni da girmana sai an tura ni, ina ga abin da bai kai tebur tsawo ba."

Ita ta faɗi maganarta ta wuce, ta kama ƙafar matar tana matsawa, tana ba da labarin tsadar mota. Shi kuwa na ga ya juya yana kallon Manaja, wadda ke bayan ƙofa tana jera guntayen katakonta. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin babban mutum ya yi ba. Ya durƙusa a tsakar ɗakin, ya sunkuya har kansa ya zo daidai da nata, ya ɗaga ido ya dubi gadon. Ya daɗe a haka. Daga baya ya ce mini, "Baba, daga can ƙasa ba a ganin kowa. Durowa kawai ake gani."

Da safe bai buɗe shago ba. Ya je ya kwaso kayan aiki, ya ce in taimaka masa da riƙo. Aka sauko da Umman Manaja aka zaunar da ita a kujera mai majingini a tsakar gida, aka ɗora ƙafafunta a kan bokiti. Da ta ga zarto ta gane.

"Abban Manaja, kada ka yi. Ka yi mata tsani mana."

"Ta faɗo daga can?"

"To ka mayar da katifa ƙasa."

"Ke kuma wa zai tashe ki daga ƙasa?"

Ya fara zaro durowa yana fitarwa. Akwatuna, tukwane, kwanuka, fanka, duk suka dawo tsakar gida. Yaya ta fito daga wanka ta ga abin da ake ciki, ta dafe ƙirji.

"Auta! Na ce ka sare shi ne? Magana fa na yi! Mutum ba zai yi magana ba a gidan nan sai a ɗauko zarto?"

Da ya gama fitar da durowa ya kwance katakon da ke riƙe da su, sai gadon ya tsaya a kan dogayen ƙafafu huɗu. Ya kira yarinyar.

"Manaja, zo ki taya ni aiki."

Ta zo, don in dai aiki ne ba ta ƙi. Ya tsayar da ita a jikin ƙafar gadon, ya ce ta miƙe sosai. Ta miƙe har da ɗaga haɓa. Ya sa fensir daidai cibiyarta ya ja layi, sannan ya rage kaurin katifa, ya auna daga sama, ya fitar da abin da zai yanke. Ya ba ta bakin tef ta riƙe yana zagaya sauran ƙafafun. Muka kwantar da gadon a gefe, na danne, ya sa zarto. Ranar zarton bai tsaya ba. Kowace ƙafa ta faɗi, Manaja ta ɗauka ta kai bayan ƙofa ta haɗa da kayanta.

Umman Manaja tana kallo daga waje, hawaye na zubo mata. Ta ce wa tsohuwata, "Inna, mafi kyawun abin da ya taɓa yi ke nan." Tsohuwata ta ce, "Ki bar kukan gado, ki yi kukan ɗakina," don a lokacin an fara shigar da akwatunan wurinmu. Har yau suna nan. In zan ɗauko hulata sai na haura tukunya.

Aka tayar da gado, ya dawo bai fi gwiwata ba. Aka mayar da katifa, mai jiki ta zauna a bakinsa ba tare da kowa ya riƙe ta ba, ta kwanta. Dukkanmu muka zuba wa yarinyar ido. Ta dubi gadon, ta dubi uwar, ta koma bayan ƙofa.

Ranar ba ta je ba. Uwar ta kira ta da duk sunayen da take kiranta, ta nuna mata biskit, ba ta ko waiwaya ba. Yaya ta ce, "To, ga gado ya zama tabarma, ga yarinya tana nan yadda take. An yi asarar katako." Ta ƙarasa ninke kayan ta zuge jaka. Tsohuwata ta shiga ta ce wa Umman Manaja, "Ki daina kiranta. Kada ki miƙa hannu, kada ki kalle ta. In ta zo ta zo."

Gari ya waye da ruwan sama, ba wanda ya fita. Da azahar motar su Yaya za ta tashi. Ina zaune a bakin ƙofarmu ina ɗinkin wani takalmi da na taho da shi gida, Kafinta na tsugune a baranda yana kallon ruwa, Yaya na ɗakinmu tana shiri. Tsohuwata na bakin ƙofarsu tana tsintar shinkafa. Can sai na ga ta ajiye tire, ta yafito mu da hannu, ta sa yatsa a baki.

Manaja ta gano cewa bakin gadon ya yi daidai da tebur. Ta kwaso guntayen katakonta tana jerawa a kai, ba ruwanta da wadda ke kwance. Uwar ta rufe ido kamar mai barci, amma ina ganin yadda ta damƙe zanin gado. Wani guntu mai zagaye ya gangara ya tsaya a jikin ƙafarta. Yarinyar ta miƙa hannu, bai kai ba. Ta tsaya tana tunani. Sai ta ɗora ciki a bakin katifa, ta jefa gwiwa, ta haye. Ta ɗauki abinta ta sauko da baya.

Da ta sauko ta tsaya tana kallon gadon kamar yau ta fara ganinsa. Ta sake hawa, ba don komai ba, ta sauko. Ta sake. Ba wanda ya ɗaga ta, ba wanda ya ce mata ciki. A wani hawan sai ta zauna, ta jawo katakonta sama, ta fara jera su a kan ƙaurin uwar, daga idon sawu zuwa gwiwa. Da wuri ya ƙare ta rarrafa gaba. Ta zo daidai cikin ta tsaya, ta dube shi, ta kewaye shi a hankali. Tsakanin uwar da bango akwai ɗan wuri, amma bai ishe ta ba. Ta sa hannu ta tura kafaɗar uwar.

"Umma, matsa."

Uwar ta matsa, idonta a rufe. Yarinyar ta kwanta ta ba ta baya, ta manna jikinta da nata, tana wasa da guntun katako a hannu. Na ga hannun uwar ya taso zai rungume ta, ya tsaya a sama, ya koma. Sai yarinyar ta waiwaya ta kamo hannun da kanta ta ɗora a kan cikinta.

Kafinta ya bar bakin ƙofar ya koma baranda, ya tsaya ya ba mu baya.

Yaya ta fito da mayafi, jakarta a kafaɗa, 'yar jakar a hannu. "Ina take? A sa mata takalmi, ruwa ya tsagaita." Ta leƙa ɗakin. Ta daɗe tana leƙe. Yarinyar ta riga ta yi barci.

"Yaya," in ji Kafinta. Ya matso kusa da ita. "Yaya, a bar ta."

Ta juyo ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Na zaci za ta ɗaga murya, har tsohuwata ta matso. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ban san ta iya ba.

"Da can wa ya ce maka wahala nake nema? Na gama renon wani in koma renon 'yarsa?" Ta zuge 'yar jakar ta juye kayan a kan kujera. A ciki har da wasu jajayen takalma sababbi da ba mu san ta saya ba. Ta ɗauke su ta juya su a hannu, ta ajiye a bakin ƙofa. 'Ya'yanta duk sun girma sun watse, ita kaɗai ce a gida da mijin da ba ya ji sosai. Sai a lokacin na tuna da haka. Ta ja mayafi ta goge fuska ta ce ruwa ne ya fantsar mata. "Ɗauko mini jaka, Auta, kada mota ta tafi ta bar ni a gidan da ake yanka gado."

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu wani lokaci tana jiƙa wando. Gado mai tsuntsu yana nan ba ta kwana a kai ba. In aka ce mata ƙaninta na zuwa sai ta ce, "Ya koma." Jinin uwar ya ɗan sauka, ya sake hawa, likita ta ce a ci gaba da kwanciya. A ranar da nake wannan rubutu ba ta haihu ba tukuna, muna dai ta addu'a. Amma da safe daga ɗakinmu muna jin su, uwar na ba da labarin gidan burodi, yarinyar na cewa don me.

Manaja ta daina zuwa shago. In uban ya ce ta zo su tafi, sai ta ce tana da aiki. Shi kaɗai yake fitowa yanzu. Jiya ina kallonsa ya yanke bakin wani katako, guntun ya faɗi, ya ɗauka ya goge shi da samfefa sosai, ya sunkuya zai miƙa ƙarƙashin benci. Ya tsaya a sunkuye. Sannan ya miƙe ya sa shi a aljihu, ya leƙo rumfata.

"Baba, shagon nan ya yi shiru."

Na ce, "Ya yi."